Mota Mai Kujera Biyu

Kafin ta ga motar, mutumin da ke durƙushe a gabanta ta fara gani, yana goge fitila da bakin rigarsa.

Ta tsaya a ƙofar garejin gidan ta yi sallama. Ya miƙe da sauri yana kakkaɓe gwiwa. Dogo ne mai ɗan saje, idanunsa irin na wanda ya kwana biyu bai yi barcin kirki ba.

"Ke ce Likita? Wadda ta yi waya?"

"Ni ce."

Ya leƙa bayanta. "Maigidan yana tafe ne?"

"Wane maigida?"

"Wanda zai saya."

"Ga shi nan tsaye a gabanka," ta ce.

Kunya ta kama shi har ya sosa ƙeya. Ita kuwa ba ta tsaya jin ban haƙurinsa ba, don idonta ya riga ya sauka kan motar. Shuɗiya ce mai duhu, 'yar gajeriya, ta kwanta a ƙasa kamar kyanwar da ke shirin tsalle. An naɗe rufinta baya. Kujeru biyu kacal gare ta, na fata, ɗaya ta ɗan sha zama, ɗayar kuma ba ta kai ta shan zama ba.

Likitar ido ce, kuma babbar 'ya a gidansu. Tun da mahaifiyarsu ta rasu, ita ta karɓi makullin tsohuwar doguwar motar Abbansu. Da ita take kai ƙanne makaranta, da ita take cefane, da ita take kai Abba ganin likita. Bayan motar bai taɓa rabuwa da jakar makaranta, ko tukunyar gas, ko wata maƙwabciya mai cewa "ɗan biya da ni" ba. Ba ta taɓa ƙorafi ba. Amma da autarsu ta shiga jami'a, sai ta wayi gari da wani buri da ta ji nauyin faɗa wa kowa: tana son motar da ba ta da kujerar baya.

"Bari in fara gaya miki aibinta," in ji mai motar. "Cikinta a ƙasa yake, in kika hau tudun hanya da gudu sai kin ji a haƙoranki. Tana shan mai kamar an aiko ta. Rufin nan kuma kada ki taɓa shi tana tafiya, sai kin tsaya cak. Tayoyin baya sun kusa gajiya. Kuma ni ma a hannu na saye ta, ba sabuwa ba."

"Lallai ka iya talla."

"Zanen gini na koya, ban koyi dillanci ba."

"To me ya sa za ka rabu da ita?"

Ya dubi motar. "Mahaifina ya samu shanyewar ɓarin jiki. Kekensa ba ya shiga but ɗinta, shi ma ba ya iya zama a ƙasa haka. Babbar mota nake bukata."

Ta yi masa jaje. Ya miƙa mata makulli, ya zagaya ya buɗe ɗayar ƙofar ya zauna, yana kallon gabansa kamar baƙo.

"Kin san yau na fara zama a wannan gefen?"

Ta tayar da injin. Wata irin ƙara mai zurfi ta tashi ta ratsa mata ƙirji. Da suka hau babban titi ta ɗan taka totur, iska ta kwashi mayafinta ta yi sama da shi. Ya miƙa hannu ya cafke gefensa, ya riƙe mata har ta samu wurin tsayawa, kansa a juye yana kallon wani gefe. Ta gyara, ta yi dariyar da ta jima ba ta ji daga bakinta ba.

Ba ta yi gaggawa ba. Ta kai motar wurin bakanikenta, aka ɗaga ta sama aka duba ciki da bai, aka buɗe rufi aka rufe, aka watsa masa ruwa don a ga ko yana yoyo. Duk abin da mai motar ya faɗa, haka aka tarar, babu ragi babu ƙari. Aka yi ciniki, aka sauya takardu, aka yi inshora.

Ranar da ta kawo motar gida, Abba ya fito da tabarau a kan hanci. Da yake sunan mahaifiyarsa ta ci, Uwata yake ce mata.

"Uwata, ina sauran motar?"

"Iyakarta ke nan, Abba."

"Ba rufi, ba baya. In aka yi ruwa fa? In kin haɗu da ɗan'uwa a hanya fa?"

"Rufin yana fitowa. Ɗan'uwa kuma ya hau tasi."

Ya dube ta ta saman tabarau, ya girgiza kai ya koma ciki. Bai hana ta ba, amma bai taɓa yarda ya hau ba.

Da yammacin ranar saƙo ya shigo wayarta.

"Likita, na manta ban gaya miki ba. In ta yi ƙara ƙit ƙit a gefen hagu, ba lalacewa ba ce, gaisuwa ce. Ki amsa kawai."

Ta rubuta: "Ta gaishe ni tun a hanya. Na ce mata tsohon maigidanta yana lafiya. Yaya jikin Baba?"

"Da sauƙi. Na gode da kika tambaya."

Daga nan saƙonni suka ci gaba. Da farko duk na mota ne: irin man da take so, inda ake samun taya, yadda ake shafa wa kujerun mai kada rana ta fasa su. Sannu a hankali motar ta riƙa raguwa a cikin zancen. Ya ba ta labarin ginin makarantar da yake zanawa, da yadda ya koyi yi wa mahaifinsa aski. Ita kuma ta ba shi labarin wani dattijo da aka cire wa yanar ido, ya buɗe ido ya dubi matarsa ya ce, "Ashe kin tsufa haka?"

Wata rana babbar motar da ya saya tana wurin gyara, ta biya ofishinsu ta rage masa hanya. Ta miƙa masa makulli. Ya ƙi karɓa.

"Na sayar. Ni yanzu fasinja ne."

Sunan ya bi shi ke nan. Ita Direba, shi Fasinja.

"Direbata," ya rubuto mata wata safiya, "jiya na zana taga a inda ƙofa ya kamata ta kasance. Ogana ya tambaye ni ko lafiya. Na ce masa ina bukatar ganin likitar ido."

"Ka zo ka bi layi kamar kowa," ta mayar masa. Amma ta daɗe tana kallon saƙon, murmushi ya ƙi barin fuskarta, har nas ɗin da ke aiki da ita ta yi gyaran murya.

Da ya furta abin da ke ransa, a gefen hanya ne, sun tsaya shan shayi a wani ɗan shago. Bai yi dogon jawabi ba. Ya ce ya gaji da neman dalilin mota kafin ya kira ta, yana so ya riƙa kiranta babu dalili, har ƙarshen rayuwarsa. Ta sunkuyar da kai tana juya kofi.

"Sai ka tambayi Abba," ta ce a hankali.

A nan aka samu cikas, kuma ta ɓangare biyu.

Mahaifiyar Fasinja, Umma, ta taɓa hango Likita sau ɗaya a kan titi, rufi a buɗe, baƙin tabarau a ido. Abin ya tsaya mata a rai.

"Wadda ke yawo duk gari na kallonta, ita ce za ta zauna da mu da marar lafiya? Gidan nan haƙuri yake bukata, ba ado ba."

Abba kuwa dama yana da nasa ɗan takara: ɗan amininsa, manaja a banki, mutum mai natsuwa da guga a riga. Manaja ya zo gaisuwa sau da dama. Ba shi da wani aibi, sai dai duk zuwan da zai yi, sai ya kalli motar ya yi murmushin manya.

"Ki more ta yanzu," ya ce mata wata rana. "In an yi aure ai sai a sayar, a sayi ta iyali. Ƙuruciya ce, za ta wuce."

Ta dai lura bai taɓa tambayarta me ya sa ta saya ba.

Da ta gaya wa Abba zancen Fasinja, ya ajiye jaridarsa ya cire tabarau.

"Wanda ya sayar miki da motar?"

"Shi, Abba."

"Uwata, ki yi tunani. Mutum ya rabu da abin da yake so ba da son ransa ba. Yanzu ga hanya ta samu da zai dawo da abinsa gida, har da mai shi. Ban ce mugu ba ne. Amma zuciya tana yaudarar mai ita. Kin tabbata ke yake kallo?"

Ta ce ta tabbata. Sai dai maganar ta shige ta kamar ƙaya, ta ƙi fita.

Bayan 'yan kwanaki ta tashi daga aiki da la'asar, sun yi da Fasinja zai zo. Tana fitowa ta hango shi a wurin ajiye motoci. Ba ƙofar asibitin yake kallo ba. Yana durƙushe a jikin motar, yana shafa gefenta da tafin hannu, ya leƙa ciki, ya ja baya, ya sake matsowa. Ta tsaya a bayansa har ta gaji, bai san ta zo ba.

Maganar Abba ta dawo mata.

"Na yanke shawara," ta ce. "Sayar da ita zan yi."

Ya juyo a firgice. Ta zuba wa fuskarsa ido, ta ga yadda ta canja, kamar an kashe fitila.

"Sayarwa? Me ya sa?"

"Ka damu ne?"

"Ƙwarai kuwa na damu."

"Na gani," ta ce. Ta shiga ta ja motarta, ta bar shi tsaye.

Washegari ta kai motar wurin wani dillali ta ajiye, ta koma tuƙa tsohuwar motar Abba. Fasinja ya kira, ba ta ɗauka ba. Ya turo saƙo, ta ƙi buɗewa. Manaja da ya ji labari ya zo da fara'arsa, ya ce dama ya san tana da hankali. Yabon ya fi zagi yi mata ciwo.

Kwanakin nan ta yi tunani mai yawa. A ɗakin gwaji, tana sauya wa mutane gilashi tana tambaya, "Wannan ya fi, ko wancan?", sai ta ji kamar ita ake tambaya. Ta gane ba fushi kaɗai take yi ba, tsoro take ji. Duk rayuwarta ana sonta ne tare da amfaninta: yayar da ke kai wa, yayar da ke ɗaukowa. Ba ta san yadda ake gane son da babu aike a cikinsa ba.

Wata rana a lokacin hutun rana ta kasa daurewa, ta buɗe saƙonsa na ƙarshe.

"Direbata, na ji an ce akwai wanda ya ce sai kin sayar da motar kafin ya aure ki. In shi kika zaɓa, ba ni da ta cewa sai addu'a. Amma don Allah kada ki sayar da ita saboda kowa, har da ni. Na ga fuskarki ranar da kika fara taka ta. Ban taɓa ganin mutum ya huta irin haka ba. Abin da ya dame ni ke nan."

Ta karanta, ta sake karantawa. Sannan ta kira shi.

"Me kake yi a jikin motar ranar nan?"

Ya yi wata 'yar dariya ta jin nauyi. "Awo nake yi. Baba ya fara tsayawa da sanda. Magana ba ta fita sosai, amma kullum sai ya nuna gareji ya yi ƙarar inji da baki. Da yana lafiya nakan fita da shi mu sha iska. Ina duba ko zai iya sauka kan kujerar ne in an tallafe shi. Ina ta juya yadda zan roƙe ki, kunya ta hana ni."

Sai a lokacin ta tuna a wane gefe ta gan shi durƙushe. Ba gefen sitiyari ba ne.

Ta dafe goshi. "Fasinja, kai wawa ne."

"Na amsa."

"Ni ma haka."

"Wannan kuma ban ji ba, layin ba kyau."

Ranar hutunta ta karɓo motar daga wurin dillali, ta nufi gidansu. Umma ce ta buɗe ƙofa, ta amsa gaisuwa a taƙaice. Likita ta cire takalmi ta shiga ta durƙusa gaban tsohon, ta gaishe shi tana kallon idonsa, ta jira har ya gama haɗa amsarsa, ba ta ƙarasa masa ba. Da za a fito da shi, ita ta ce a kawo matashi a ƙara wa kujerar tudu, ita ta nuna yadda za a fara shigar da ƙafar da ba ta motsi, ta ɗaura masa bel, ta gyara masa hula ta danna ta sosai kada iska ta ɗauke. Hannunta ya saba, ta yi jinyar mahaifiyarta har ƙarshe.

Umma na tsaye a bakin ƙofa tana kallonsu.

A hankali Likita ta tuƙa, ta bi titin da ke da bishiyoyi. Inuwa da rana suna wucewa a kan fuskar tsohon. Can ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya bugi gaban motar, ya yi wata magana. Ta rage gudu ta kara kunne.

"Ta... ka," ya ce.

Ta taka. Dariyar da ya yi, rabin baki ce, amma har da hawaye.

Da suka dawo, Umma ta dubi mijinta ta daɗe, sannan ta juya ta goge ido da gefen mayafi.

"'Yata," ta ce, "ai ba kya tafi ba ki ci komai ba. Shigo ciki."

Saura Abba. Shi ya ce a turo masa yaron shi kaɗai. Likita ta laɓe a bayan labulen falo.

"Tambaya ɗaya gare ni," in ji Abba. "'Yata ka zo nema, ko motarka?"

"Abba, in gaya maka gaskiya, ranar da motar nan ta bar hannuna na ji ciwo. Amma aljihuna ya yi ta yi mini godiya."

Abba ya danne dariya. "Ba ka amsa ba."

"Na so motar, ba zan ɓoye ba. Amma tata ce, kuma ko bayan aure tata ce. In ta ga dama gobe ta kyautar. Abin da nake roƙo shi ne a ba ni izinin zama kusa da 'yarka. Na lura duk wanda ya zo wurinta da bukatarsa yake zuwa. Ni ma na zo da tawa, har ta ɗauki mahaifina. Ina so in zama wanda ita ma za ta riƙa kawo wa tata."

Abba ya daɗe yana murza tabarau a hannu. Da ya yi magana, muryarsa ta sauya.

"Ni ne na fi kowa aikenta," ya ce. "Ban taɓa lura ba sai yau."

A bayan labule, Likita ta toshe baki da hannu.

Abba da kansa ya je ya ba amininsa haƙuri. Manaja ya karɓi zancen da mutunci, har ya aiko da fatan alheri.

Aka sa rana, aka ɗaura aure cikin 'yan'uwa da abokan arziki. Ƙannenta suka hana ta taɓa ko cokali, auta ta tsaya a kanta kamar ɗan sanda, duk ta yunƙura sai ta ce, "Yaya, zauna!" Aka kawo Baba a kekensa, Umma na gefensa tana nuna wa ƙawayenta amarya tana cewa, "'Yata ce, likita ce."

Da lokacin tafiya ya yi, ango da amarya suka durƙusa gaban Abba. Ya ɗora hannu a kanta, sannan ya juya wurin angon.

"Ga ta nan. Abu ɗaya zan gaya maka. Ba ta iya cewa ta gaji ba. Kada ka jira ta faɗa, ka riƙa duba fuskarta."

"In sha Allahu, Abba."

"Ke kuma, Uwata, in ya tambaye ki, ki gaya masa gaskiya."

Ta ɗaga kai, hawaye na zuba.

Angon ya ɗan karkato ya yi ƙasa da murya. "Kin gaji?"

Ta buɗe baki za ta ce a'a, kamar yadda ta saba. Sai ta dubi Abba, ta dubi mijinta.

"Na gaji," ta ce, tana dariya tana kuka. "Wallahi na gaji."

"To tashi mu je gida."

Abba ya ɗaga hannuwansa, jama'a suka ɗaga nasu.

"Allah ya yi muku albarka. Ya sa ku zame wa juna wurin hutawa, ya ba ku zuriya mai jin ƙai, ya kai ku tsufa tare."

Gidan gaba ɗaya ya amsa da amin.